Rubutun da Ke Jikin Garwa

Farkon kaka ne, ruwa bai fi sati biyu da ɗaukewa ba, an cire gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi. Shekarar ta yi albarka a gona, amma hankalin mutane ba a kwance yake ba, domin ana cikin yaƙi, gidaje da yawa a ƙauyenmu suna da wanda ake jiran wasiƙarsa, kayan kanti kuma sun yi wuya sun yi tsada. A lokacin ina da 'ya'ya huɗu, muna zaune da maigidana da mahaifiyarsa a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko yarana sun ɓata mini rai ba a jin muryata a bayan katanga. Amma akwai abu guda da nake taƙama da shi a ɓoye. Na yi makarantar yaƙi da jahilci har na samu takardar shaida, kuma duk unguwarmu ni kaɗai ce mace mai karatun boko. Ni nake karanta wa mata wasiƙun 'ya'yansu, ni nake rubuta musu amsa. Suna ce mini Malama, ina cewa su bari, amma a raina ina jin daɗi. Edita, na daɗe ina son rubuto wannan labari, kunya take hana ni. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin laifin nawa ne ni kaɗai.

Ina da ƙawa Bamagujiya a wata unguwa bayan rafi, wajen mil biyu daga gidanmu. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Wurinta nake sayen gyaɗa tun ina amarya, har ciniki ya koma zumunci: in na haihu ta kawo itace da kaza, in an yi biki a gidansu na aika da mai da ƙuli. Mace ce doguwa mai dariya da ƙarfi, ba ta da nauyin baki. Ita ta fara laƙaba mini Malama, tana tsokanata wai in ta mutu in rubuta wa Allah wasiƙa in gaya masa ba ta taɓa tauye mini mudu ba.

A wannan kakar na ɗan samu abin hannu, sai na ƙudura zan sayi kayan da za su rage mini wahalar gida. Na zauna na rubuta su a takarda da hannuna: risho, dutsen guga, fitilar ƙwai, da wani abu mai murfi da zan riƙa zuba mai, domin tulun da nake amfani da shi ya tsage, kwalabe kuma ba sa isata. Maigidana ya ba ni izini in bi Yaya zuwa kasuwar Funtuwa, tunda ita ma za ta kai kaji. Da muka shiga kanti na tambayi kuɗin risho, sai na naɗe takardata na mayar cikin zani. Yaya ta yi ta dariya, wai risho na matan ma'aikata ne, mu da Allah Ya hore wa karan dawa me za mu yi da wuta mai huci kamar kububuwa. Na samu dutsen guga na hannu wurin wani maƙeri, na sayi fitila ƙarama. Saura abin zuba mai. Sabon bokiti mai murfi ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, sai muka gangara wajen masu tsofaffin gwangwanaye.

A nan na gan su, garwa biyu a jingine. Ba irin garwar kananzir mai laushi da muka saba da ita ba ce. Waɗannan masu kauri ne, da fenti kore, da mariƙi, da murfi mai murɗawa wanda ko an kifa ba ya ɗiga. Kuɗin da mai kayan ya faɗa bai kai rabin na bokiti ba. Na buɗe na sansana, na ji wani wari mai hawa kai, kamar kananzir da aka gauraya da wani abu. Yaya ta tambaye shi me aka zuba a ciki da, ya ce shi bai sani ba, a haka aka kawo masa, amma ai ga rubutu nan a jiki. Sai Yaya ta dafa kafaɗata ta ce masa ya yi sa'a, yau da Malama ta zo, babu rubutun da ke gagarar ta. Wasu mata biyu da ke cinikin kwalabe suka juyo suna kallona.

Na durƙusa na ɗora yatsa a kan rubutun. Baƙaƙen duk na san su, su ne dai waɗanda malaminmu ya koya mana, amma da na haɗa su ba su ba ni komai ba. Turanci ne. Ni kuwa Hausa kawai aka koya mini, ban san kalma ko ɗaya ta Turanci ba. Abin da ya kamata in faɗa ke nan, kuma bai fi numfashi ɗaya ba. Amma ga Yaya tana murmushi tana jira, ga matan nan, ga mai kaya. Na ci gaba da jan yatsa ina motsa baki kamar mai karatu. A sama akwai hoton auduga ta buɗe fari fat, a ƙasa kuma wani wuri ja da tsatsa ta cinye, ba a gane abin da aka zana. Na taɓa jin an ce Turawa suna matse angurya, wato ƙwayar auduga, su fitar da man girki. Sai na ɗaga kai na ce an rubuta man angurya ne, na abinci. Yaya ta tafa hannu ta ce ai ta faɗa. Nan take ta ce ita ma za ta ɗauki ɗayar, domin mijinta ya kira gayya ta girbin dawa ranar Alhamis ta sama, kuma ta gaji da fasa tuluna a hanyar kai wa maza giya gona. Muka ɗauko garwa ɗaya ɗaya, a kan maganata.

Kowace mace a yankinmu ta san yadda ake fitar da warin kananzir daga garwa. A zuba toka da yashi da ruwan zafi a girgiza, a ɗauraye, a goga lemun tsami, a kifa a rana kwana uku. Haka iyayenmu suke yi, kuma ba mu taɓa jin ya cuci kowa ba. Haka na yi wa tawa, har sau biyu. Warin ya ragu amma bai tafi duka ba. Inna, mahaifiyar maigidana, ta sansana ta yamutsa fuska, ta ce ita dai wannan abu bai kwanta mata ba. Maigidana ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ai uwar yara ta karanta, man abinci ne. Kashegarin wankin, 'yan tsaki uku suka mutu a bayan madafa, daidai inda na zubar da ruwan ɗauraya. Na tsaya na dube su, sai na gaya wa kaina ai lokacin ciwon kaji ne. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne yadda na fara yarda da ƙaryar da ni na ƙirƙira. Na maimaita ta ga Inna, na maimaita ta ga maƙwabta, har ta zauna a kaina kamar da gaske na karanta. Na ce tunda mai aka zuba a ciki da, ai mai ya dace da ita. Ranar Talata na matse gyaɗa, na juye man da ɗuminsa a cikin garwar, na murɗa murfi.

Ranar Laraba da hantsi na yi ɗan wake. Autata a lokacin shekararta huɗu, yarinya ce mai son mai, ko rogo aka ba ta sai ta tsoma. Manyan yaran suna gona tare da babansu, Inna kuma ba ta cin ɗan wake saboda ciki, sai ya zama ni da ita muka zauna. Na zuba mata mai da yawa kamar yadda take so, ta cinye ta suɗe kwano, ni kuwa loma kaɗan na yi na tashi zuwa turmi. Ba a yi azahar ba ta zo ta kama zanina ta ce kanta yana juyawa. Na taɓa goshinta, ba zazzaɓi. Ta yi amai sau biyu. Ina cikin wanke mata baki sai jikinta ya sandare a hannuna, idanunta suka juye, haƙoranta suka datse, hannu da ƙafa suka shiga karkarwa kamar ana jijjiga ta. Ban yi kuka ba, ban yi ihu ba. Na tsaya riƙe da ita ina kallo kamar ba 'yata ba, ni kaina leɓunana sun yi nauyi, kaina yana sarawa.

Inna ta ce iska ce, ta hau tofa addu'a, ta sa a kawo garwashi a yi hayaƙi. Maƙwabciya ta ruga gona ta kira maigidana. Da ya ga yarinyar ta saki ta sake sandarewa, ya ce asibiti za mu, ba a yi gardama ba. Ya goya ta a keke zuwa bakin titi, ni da Inna muna biye da ƙafa. Har na fita ƙofar gida, sai na koma da gudu na ɗauko garwar na ɗora a kai. Inna ta tambaye ni me zan yi da mai a asibiti. Nakan ce ban san abin da ya sa na ɗauko ta ba, amma gaskiya na sani. Tun ranar 'yan tsakin nan na sani, na ƙi dubawa ne kawai.

Motar gyaɗa ta tsaya mana ta kai mu Malumfashi bayan la'asar. Aka karɓi yarinyar aka yi mata allura, aka shiga da ita ciki. Malamin asibitin, wani dattijo mai sanyin murya, ya fito ya tambayi me ta ci. Na ce ɗan wake da mai. Ya ce wane mai. Na sauke garwar a gabansa. Maigidana ya riga ni, ya ce ai ba komai a cikinta da sai man angurya, matarsa ta karanta rubutun da kanta. Malamin ya juya garwar, ya duba bai fi ƙiftawar ido ba, sai ya ja da baya ya goge hannunsa a riga. Ya ce wannan maganin feshin auduga ne, wanda malaman gona ke kashe tsutsa da shi, guba ce mai kisa. Ya bi rubutun da yatsa yana fassara mana: kada a taɓa da hannu, kada a ajiye kusa da abinci, in ya ƙare a huda garwar a binne, kada a sake zuba komai a ciki ko an wanke. Ya nuna jan wurin da tsatsa ta ci, ya ce nan hoton ƙoƙon kan mutum ne da ƙasusuwa biyu. Ya ƙara da cewa toka da rana ba sa fitar da shi, mai kuwa shi ya fi komai jawo shi daga jikin ƙarfe, mai da giya.

Duk abin da nake buƙatar sani yana nan a rubuce, a ƙarƙashin yatsana, ranar da na durƙusa a kasuwa. Na zauna a ƙasa. Maigidana bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni kawai ya ce, a hankali, ai cewa na yi na karanta. Na ce masa ban iya Turanci ba, ban taɓa iyawa ba, hoton auduga na gani na yi zato. Inna ta riƙe baki ta juya mini baya. Malamin ya ce yanzu da suka san abin da ta ci sun san abin da za su yi, amma ba zai yi mana alkawari ba, sai an ga yadda ta kwana. Ni ma ya ba ni magani na sha.

Kalmar giya da ya faɗa ita ta tsaya mini a kunne. Gobe Alhamis, gobe gayyar gidan Yaya, kuma ɗayar garwar tana can. Na gaya wa maigidana. Ya fita tasha ya dawo ya ce babu motar da za ta bi hanyarmu sai da asuba, kekensa kuma mun bar shi a bakin titin ƙauye. Ya ce shi zai je da safe, ni in zauna da 'yata. Na ce masa ya yi haƙuri, ba za su zubar da giyar da aka kwana uku ana dafawa ba don wani Musulmi ya zo ya ce guba ce, za su ɗauka wa'azi ya zo yi musu. Yaya za ta ce masa Malama ta karanta. Bakin da ya ƙulla abin shi zai kwance shi. Sai ya ce to, in je. Wannan ne karo na farko da na yi masa musu tun da aka kawo ni gidansa.

Kafin in faɗi yadda safiyar ta kasance, bari in gaya wa masu karatu cewa Allah Ya tashi kafaɗun 'yata. Ta yi kwana tara a asibiti, ta yi watanni hannunta na dama yana rawa in ta ɗauki moɗa. Yanzu ta girma, amma ba ta cin ɗan wake, kuma ba ta san dalili ba sai in ta ga wannan takarda. Maigidana bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Inna kuwa ta daɗe ba ta cin abin da na zuba wa mai, kuma ban ga laifinta ba.

Na yi shekaru ina tunanin inda na kauce. Talauci ba laifi ba ne, neman araha ma ba laifi ba ne, kowace uwa tana lissafin yadda kaɗan zai isa. Laifina shi ne an tambaye ni abin da ban sani ba, na ji kunyar cewa ban sani ba. Ɗan karatun da na samu amana ce, domin waɗanda ba su yi ba sun ɗora rayukansu a kan abin da na ce na gani a takarda. Ina roƙon 'yan'uwana mata, musamman mu na ƙasar auduga: duk garwa ko kwalba ko duro da ba ku san abin da aka zuba a ciki ba, ku bar shi a kasuwa komai kyansa, komai arharsa. Wankin toka na kananzir ne, ba na kowane abu ba. In rubutu ya gagare ku, ku kai wa malamin gona ko malamin makaranta ya duba. Ku kuma da Allah Ya ba ku karatu, kaɗan ne ko mai yawa, ku san iyakarsa, ku faɗe ta da bakinku tun ana tsaye a gaban mai kaya.

Ranar Alhamis ɗin, da aka yi sallar asuba na leƙa ɗakin da 'yata take. Tana kwance idanu a rufe, Inna na zaune a gefenta, babu wanda ya iya ce mini ta tsallake ko ba ta tsallake ba. Na taɓa ƙafarta na fita. Motar farko ta sauke ni a bakin titi rana ta ɗan ɗaga, na yanki daji ban bi ta gida ba, na tsallake rafi, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a nan. Tun daga nesa nake jin kiɗan gayya. Da na isa gonar, maza sun ajiye lauje sun taru a gindin ɗorawa, koriyar garwar tana tsakiya a buɗe, Yaya ta cika ƙwaryar farko ta miƙa wa tsohon gidansu, yayan mijinta, ya riƙe ta da hannu biyu yana sa wa gonar albarka kafin ya kai baki. Ban yi sallama ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da dattijo ba, na kaɓe ƙwaryar daga hannunsa, na sa ƙafa na ture garwar, giyar ta malale tsakanin kunyoyin dawa. Kiɗa ya tsaya. Mijin Yaya ya miƙe yana tambaya ko na haukace ne.

Na tsaya a tsakiyarsu, zanina jiƙe da giya, na faɗa da muryar da kowa zai ji. Na ce garwar ta maganin feshin auduga ce, guba ce, 'yata tana asibiti saboda tawa. Na ce rubutun da ke jiki Turanci ne, ban iya karanta shi ba, ƙarya na yi wa Yaya a kasuwa don kada a ce Malama ta kasa. Na tambaya ko akwai wanda ya ɗanɗana. Yaya ta ce babu, a tukwane ta dafa, da safen nan ta juye. Tsohon ya dubi hannuwansa, ya goge su da ƙasa.

Na jira Yaya ta zage ni, domin ta iya, kuma na cancanta. Ta dube ni tun daga kai har ƙafata marar takalmi, sai ta tambaye ni yaya yarinyar take. Na ce ban sani ba, a kwance na baro ta. Ta karɓi gatari daga hannun mijinta, ta sari garwar sau uku har ta huje, ta ce wa maza su haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya su binne ta. Sannan ta cire takalmanta ta ajiye a gabana, ta gyara ɗaurin zani, ta ce in sa mu tafi, kada motar Malumfashi ta wuce mu.